Melanoma a Kai da Wuya: Wa Ta Fi Kamawa, Kuma Yaya Damar Tsira Take?

 

Yau zan yi magana a kan wani nau'in sankarar fata da likitoci ke kira melanoma, musamman idan ta fito a kai ko a wuya: fatar kai, fuska, kunne, ƙeya, cikin hanci ko cikin baki. Tambaya biyu nake so in amsa. Wa cutar ta fi kamawa? In kuma ta kama mutum, me ke sa wani ya tsira wani ya rasa ransa? Bari in ba ku amsar ta biyu a taƙaice tun yanzu. Abin da ya fi komai tasiri shi ne zurfin da cutar ta yi cikin fata a ranar da aka cire ta, kuma da milimita ake auna wannan zurfin.

Mece ce melanoma?

A jikin kowa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da launi. Sinadarin da suke fitarwa sunansa melanin, shi ke sa fatarmu ta yi baƙi, kuma shi ke tare wani ɓangare na hasken rana mai ƙuna kada ya lalata abin da ke ƙasa. Baƙar fata da Bature kusan yawan ƙwayoyin nan ɗaya suke da shi, bambancin yana ga yawan launin da suke fitarwa. To, idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta lalace ta fara hayayyafa ba tsayawa, ita ce melanoma. Kuma ba a fata kaɗai ƙwayoyin suke ba. Akwai su a cikin hanci, cikin baki da cikin ido, shi ya sa cutar ke iya tasowa a wurin da rana ba ta taɓa gani ba.

Melanoma ba ita ce sankarar fata mafi yawa ba, amma ta fi sauran saurin bin jini da hanyoyin kaluluwa ta tafi huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 325,000 suka kamu da ita, kimanin 57,000 kuma suka rasu. Ostareliya da New Zealand su ke kan gaba, ƙasashen farar fata masu zafin rana.

Wani zai ce to ina ruwan Bakatsine da ciwon Turawa? Gaskiya ne ta fi yawa a wurinsu nesa ba kusa ba. A Amurka, cikin farar fata kusan mutum 1 cikin 33 zai kamu da ita a tsawon rayuwarsa, cikin baƙar fata kuwa 1 cikin 1,000. Amma ku ji ɗaya ɓangaren. A Amurkar dai, cikin farar fata 100 da suka kamu, fiye da 90 suna nan da rai bayan shekara 5. Cikin baƙar fata 100, kimanin 70 ne. Wato ba ta cika kama mu ba, amma in ta kama ta fi yi mana ɓarna, kuma babban dalili shi ne ba a gano ta da wuri.

A wurinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun daɗe suna nuna haka, ƙafa ce kan gaba. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley: an gano ta ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Ta kai da wuya ba ta kai ta ƙafa yawa ba a cikinmu, amma tana da nata sharrin, shi ya sa na ware mata shiri guda.

Me ya sa ta kai da wuya ta fita daban?

Kai da wuya ba su kai kashi 10 cikin 100 na fatar jiki ba, amma a ƙasashen da ake ƙididdiga sosai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na melanomar fata a nan take fitowa. Dalili a fili yake, nan ne rana ta fi duka tun daga yarinta har tsufa.

Sai dai ba duk wuraren ke da hatsari iri ɗaya ba. Ta fuska yawanci ana ganinta da wuri, ga madubi ga idon jama'a. Ta fatar kai da wuya ita ce matsalar. Wani bincike da masanan Jami'ar North Carolina suka wallafa a 2008, bayan duba bayanan marasa lafiya fiye da 50,000, ya gano cewa masu melanoma a fatar kai ko wuya suna mutuwa kusan ninki biyu na waɗanda tasu ta fito a hannu ko ƙafa.

Dalilan guda uku ne. Na farko, ɓuya. Gashi ya rufe, hula ko kallabi ya ƙara rufewa, kuma ba mai ganin ƙeyarsa. Na biyu, fatar kai cike take da jijiyoyin jini da hanyoyin kaluluwa. Wuya kaɗai yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na kaluluwar jiki duka, kuma hanyoyin a harɗe suke. Cutar da ta fito a tsakiyar kai tana iya gangarawa dama, ko hagu, ko ƙeya, ko gaban kunne inda hangum ke kumbura. Na uku, wahalar fiɗa. Ƙa'idar aiki ita ce a cire cutar tare da lafiyayyar fata santimita 1 zuwa 2 a kewayenta. A baya ko cinya wannan abu ne mai sauƙi. A gefen ido ko kan hanci fa? Ga jijiyar da ke motsa fuska, ga fatar ido, likita yana aiki ne a ƙuntataccen wuri.

Wa ya fi shiga hatsari?

Na farko shi ne wanda rana ta daɗe tana duka. Mu nan mun san ranar watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Manomi, makiyayi, ɗan acaba, birkila, mai tura ruwa, mai talla, duk a cikinta suke wuni. Baƙar fata garkuwa ce babba, amma garkuwar ba ɗaya ba ce ga kowa. Wanda fatarsa ke da haske sosai, irin wanda in ya sha rana fuskarsa ke yin ja, kariyarsa ba ta kai ta wuluk ba. Man bilicin kuma aikinsa ke nan, rage wannan launin da ke kare fata. Mai shafa shi ta san garkuwarta take kankarewa.

Na biyu, shekaru da jinsi. Ta kai da wuya ta fi kama dattawa, kuma ta fi kama maza. Akwai wani nau'i da ke farawa kamar tabo shimfiɗaɗɗe mai ruwan ƙasa a kumatu ko gefen goshin tsoho, ya yi shekaru yana faɗi a hankali kafin ya fara nutsewa. Mai sanƙo ma ya kula, don gashi rumfa ne. Sannan hularmu, ko zanna ko dara, saman kai kawai take rufewa. Kunne, hanci da ƙeya suna waje. Malfa ce ke rufe su.

Na uku, tawadar Allah. Kowa na da ɗaya ko biyu, wannan ba komai ba ne. Amma mai tawada da yawa, kamar 50 zuwa sama, ko wanda aka haifa da ƙatuwar tawada da ta mamaye wani sashe na kai, wuya ko baya, hatsarinsa ya fi na sauran mutane, ya kamata likita ya riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci.

Na huɗu, gado. Kusan 1 cikin 10 na masu melanoma suna da wani a dangi da ya taɓa yi.

Na biyar, raunin garkuwar jiki: mai cutar ƙanjamau, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan magungunan danne garkuwa.

Sai 'yan'uwanmu zabiya, kuma a nan zan ɗan tsaya. Zabiya yana da ƙwayoyin launi, amma ba sa fitar da launin yadda ya kamata, don haka rana tana shiga fatarsa kai tsaye. Sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka, sau da yawa tun suna matasa, kuma kai da wuya ne ta fi kamawa. Amma ku lura, mafi yawan sankarar da ke kama su ba melanoma ba ce. Wani nau'i ne da ke farawa da kaushi ko ɓawo a kunne, leɓe ko ƙeya, sannan ya zama gyambon da ba ya warkewa. Melanoma kan same su jefi-jefi, kuma idan ta zo ba lallai ta yi baƙi ba, tana iya zama ja ko ruwan hoda, sai a ɗauka ƙurji ne. Don haka ga zabiya ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ƙurji ko gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, asibiti. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai kan zabiya, an fara bikinta a 2015. A Najeriya kuma gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa ta daɗe tana fafutukar a sama masu maganin sankarar fata. Iyaye masu yaro zabiya, malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu sun fi kowane magani arha. A haɗa da man kare rana mai lamba 50, kuma a guji aike ko talla tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.

Wadda ke ɓuya cikin hanci da baki

Akwai nau'in da ba ruwansa da rana, kuma baƙar fata ba ta karewa daga gare shi. Shi ne melanomar da ke tasowa a cikin hanci, kogunan da ke kewaye da hanci, rufin baki ko dasashin sama. A duniya wannan nau'i kusan kashi 1 cikin 100 ne na melanoma duka, kuma kusan rabinsa a kai da wuya yake. Ya fi kama masu shekara 60 zuwa sama.

Alamarsa a hanci ita ce toshewar kafa ɗaya da ba ta buɗewa, da haɓo daga wannan kafar yana maimaituwa. Na san lokacin hunturu haɓo ba baƙon abu ba ne a Katsina, iska ta bushe ga ƙura. Amma haɓon hunturu yana zuwa ya wuce, kuma ba ya zaɓen kafa. Dattijon da kafar hancinsa ɗaya ta toshe makonni, tana ɗigar jini, wannan ba mura ba ce, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

A baki kuma, kada kowa ya tsorata don dasashinsa baƙi ne. Baƙin dasashi halitta ce a wurin baƙar fata, kuma za ka ga ya bazu dama da hagu daidai. Abin dubawa shi ne sabon tabo baƙi a wuri ɗaya, yana faɗi, ya tasa, yana jini, ko haƙoran wurin sun fara girgiɗi.

Wannan nau'in shi ne mafi muni. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, cikin mutum 100 kimanin 25 zuwa 30 ne ke kai shekara 5, saboda kafin a gano ya riga ya yi nisa.

Damar tsira

A 1970 wani likitan Amurka mai binciken tsoka, Alexander Breslow, ya nuna cewa kaurin melanoma, daga saman fata zuwa inda ta tsaya a ciki, shi ne ya fi nuna yadda ƙarshen mara lafiya zai kasance. Har yau da ma'auninsa ake aiki. An kasa shi huɗu: milimita 1 zuwa ƙasa, 1 zuwa 2, 2 zuwa 4, sai abin da ya haura 4.

Don ku gane ƙanƙantar abin, ciro katin ATM ɗinka ka dubi gefensa. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Melanomar da ba ta wuce kaurin kati ɗaya ba, kuma ba ta fashe ba, in aka cire ta, 99 cikin 100 suna tsira bayan shekara 5. Wadda ta wuce kaurin kati biyar a haɗe kuma ta fashe ta zama gyambo, ko da ba a ga ta tafi ko'ina ba, adadin ya sauko zuwa kusan 82.

In ta tashi daga inda take, lissafin ya sake. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan ta isa kaluluwar da ke kusa, kimanin 75 cikin 100 ke kai shekara 5. Idan ta isa huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, kimanin 35. Kada ku manta alƙaluman ƙasa ce mai magani da inshora. Kuma alƙaluma labarin taro suke bayarwa, ba su san ranar kowa ba, rai na hannun Allah. Amma sun nuna mana a fili inda ƙoƙarin mutum ke da amfani.

Ga misali biyu daga mutanen da duniya ta sani. Sanata John McCain na Amurka, a shekarar 2000 aka cire masa melanoma a gefen goshinsa na hagu, kaurinta ya ɗan wuce milimita 2. An buɗe har wuya an cire kaluluwa an duba, ba a samu cutar a ciki ba. Tabon aikin ya zauna a fuskarsa, amma ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2008, ya rayu har 2018, kuma wata cuta daban ce ta yi ajalinsa. Fiɗa a kan lokaci ke nan.

Na biyu shi ne tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda muka sani da yaƙi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon. A 2015, yana da shekara 90, aka gano melanoma a hantarsa da wurare huɗu a ƙwaƙwalwarsa. A da, mai irin wannan hali watanni ake ƙirga mashi. An yi masa fiɗa, an yi gashi da na'ura, aka sa shi a kan wani sabon magani mai suna Keytruda, wanda ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da kanta. Ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100. Masanan da suka buɗe hanyar irin wannan magani, James Allison da Tasuku Honjo, sun samu kyautar Nobel a 2018.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Allura ɗaya ta irin wannan magani miliyoyin naira ce, kuma ana maimaita ta duk bayan 'yan makonni. Gida nawa ne a unguwarmu za su iya? Ita kuwa ƙaramar melanoma, allurar kashe zafi ce da ɗan yanka da ɗinki, mutum ya koma gida a ranar. Maganin da ke hannunmu shi ne zuwa da wuri.

Me za a duba, wa zai duba?

Alamomi biyar ne a tawada ko tabo. Ɓari ɗaya bai yi kama da ɗaya ɓarin ba. Bakinsa ba a daidaice yake ba, ya yi kamar taswira. Launinsa ya cakuɗe, baƙi da ruwan ƙasa da ja ko fari-fari. Faɗinsa ya wuce milimita 6, kamar magogin da ke gindin fensir. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, yana canzawa: yana girma, yana ƙaiƙayi, yana jini. A ƙara da ƙullutu mai tauri da ya taso cikin makonni yana girma, da kaluluwar wuya mai tauri, marar zafi, da ta ƙi sacewa.

Wa ke ganin fatar kanka? Wanzami da mai aski. Wa ke ganin fatar kanki? Mai kitso. Su ne ke tsaga gashi layi-layi duk sati biyu ko uku, abin da ko likita ba ya samun yi. Don haka ina roƙonku, masu aski da masu kitso, in kun ga wani baƙon tabo a kan mutum, ko wanda kuka sani ya canza, ku faɗa mashi, kada kunya ta hana. Ku ɗauki hoto da waya ku nuna mashi ya gani da idonsa. Abu ɗaya kawai: kada a sa aska. Kada a yanke, kada a yi sakiya, kada a ɗaure da zare, kada a shafa mai ƙona fata. In an yanke saman, saiwar tana ciki tana ci gaba, kuma an lalata abin da likita zai auna ya san zurfinta.

Sai maganar da na san tana zuciyar wasu, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in an taɓa shi sai ya bazu. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti bayan shekara biyu ana jiƙe-jiƙe, an yi aiki, bai daɗe ba ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙar likita. Alhali cutar ta riga ta bazu tun kafin a je. Ga melanoma, ciro tsoka a auna ba ya rage damar tsira, kuma cirewa da wuri shi ne maganin da ya fi kowane warkarwa.

Ina za a je? A fara da asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Katsina, a nemi a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, inda a 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu sankara. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sannan Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna ga matsalar hanci da maƙogwaro. Duk abin da aka cire daga fata, ku tabbata an kai shi ɗakin gwaji, kuma ku koma ku karɓi sakamako. Idan aka ce melanoma ce, ku tambayi likita abu uku: milimita nawa ce, ta fashe ko ba ta fashe ba, kuma ta kai kaluluwa? Amsoshin nan su za su nuna aikin da ke gaba. Bayan aiki kuma ba a daina zuwa asibiti, don tana iya dawowa ko bayan shekaru.

Aikin da zan ba ku a wannan makon ƙarami ne. In za a yi wa Baba aski, ka tsaya ka dubi kansa da bayan kunnuwansa da ƙeyarsa. In ana tsefe wa Inna kai, ki duba. In akwai zabiya a gidanku ko maƙwabta, a sama mashi malfa.

A nan zan dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, na bar ku lafiya.